Ranar da Babanki Ya Ce Ƙarya Ne

Zuwa ga 'yata Argiro,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fotis da jikokina. Allah ya tsare min ku a can Melbourne, ya sa albarka a aikinku. Mu nan sai godiya. Maƙwabta sun yi mana gayya an gama tsinkar zaitun, man bana kuma ya yi kyau duk da ruwan sama ya yi rowa. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda muka yi waya kuka ke cinye rabin maganar, labarin da ke bakina kuwa yana son a ba da shi a tsanake.

Kin san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama babanki bakinsa ya rufe. Likita a Kalamata ya ce harshen bai mutu ba, amma in ba a motsa shi ba kafin sanyi ya wuce, to sai haƙuri. Matar da ke zuwa ƙaramin asibitinmu tana koya wa irinsu magana an daɗe da ɗauke ta, tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Na yi ta fama ni kaɗai. In nuna masa cokali, in nuna masa hotonki, sai ya juya fuska bango. Mutumin da duk ƙauyen nan ba wanda ya kai shi surutu! Na ji tsoro ƙwarai, Argiro.

Abokansa na shagon kofin 'yan jam'iyyarsu, 'yan kore, sun yi zumunci, ba zan hana su yabo ba. Amma zuwa suke da lemu su zauna kamar masu zaman makoki, suna magana ƙasa-ƙasa. Kuma duk abin da suka faɗa, abin da ya riga ya yarda da shi ne: abokan hamayyarsu 'yan shuɗi ne suka kashe ƙasa, su suka zuba kuɗin talaka a jiragen yaƙi, su suka yanke fansho. Babanki sai ya lumshe ido ya yi barcinsa.

Yayana Lambros kuwa, kawunki, kin san tun zaɓen da aka yi kina jami'a bai taka ƙofar gidanmu ba. Shi yana shagon 'yan shuɗi a wancan gefen dandali, babanki yana wannan gefen, kowa da kujerarsa da jaridarsa. Ni ƙanwar wancan, matar wannan, na tsufa ina tsallaka dandali da kwanon abinci. Wata safiya ina shanya sai ga shi da hula da sanda, jaridar jam'iyyarsu a hammata. Ya ce da ni, ke Stamatia, ina tsohon nan mai taurin kai, an ce ya yi gum, ai yanzu ne za a samu a gaya masa gaskiya ba katsewa. Na so in tare ƙofa, ya kawar da ni da sandarsa a hankali ya wuce.

Bai ce sannu ba, bai tambayi jiki ba. Ya ja kujera ya buɗe jarida ya fara. Wai 'yan kore ne suka ciyo bashin da jikokinmu za su biya. Wai sun cusa danginsu a ofisoshi har ma'aikata sun fi kujeru yawa. Wai tsadar taki da man tarakta yaƙin da ake yi a ƙasashen arewa ne ya jawo, amma da su babanki Anestis ke riƙe da mulki da ko gishiri ya gagare mu. Sannan ya ce, au, ka yi shiru ko, wato ka yarda ke nan, bari in je dandali in shaida musu. Ina leƙe daga kicin. Na ga kunnen babanki ya yi jawur, hannunsa mai lafiya ya damƙe bargo. Ranar bai ce komai ba, amma ya shanye miyar wakensa tas, abin da ya daɗe bai yi ba.

Kawunki ya mai da abin aiki, kullum da hantsi yana nan. Mutanensa suka fara yi masa tsiya wai ya sauya sheƙa, ya ce musu wa'azi yake zuwa yi wa ɓatacce. Ran jajiberin Kirsimeti ya gangaro kan zancen hanyar motar ƙauyenmu, wadda babanki ya yi shekaru yana safa da marwa a ofisoshi kafin a zuba mata kwalta. Kawunki ya ce ai kowa ya san aikin 'yan shuɗi ne, Anestis ko tsakuwa ɗaya bai ɗauka ba. Ina cikin kwaɓa burodi na ji wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa ta ce, "Ƙarya ne!" Na fito a guje hannuna duk gari. Babanki ya yunƙura yana huci, ya maimaita, ya ƙara da ɓarawo. Kawunki ya rufe fuska da jaridar, kafaɗunsa na rawa. Tun rasuwar mahaifiyarmu ban ga hawayen yayana ba. Da ya share ido sai ya ce, to kawo hujja mana, ɗan kore.

Yanzu kalmomi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu zagi ne, amma kunnena bai taɓa jin abin da ya fi su daɗi ba. Jiya ya ce ruwa, ya kuma kira sunana. Na je coci na kunna kyandir, na aika wa kawunki da galan na sabon mai, ya dawo min da shi wai ba ya karɓar cin hanci daga 'yan adawa. Wanda ya jefa ƙasar nan a wannan hali, ni ban sani ba, su biyun ma ba na jin za su gano. Abin da na sani shi ne ina godiya ga Allah, ina godiya ga yayana, godiyar da ban san yadda zan faɗa masa ba tare da ya yi min dariya ba.

Saboda haka kada ki ajiye aikinki ki taho kamar yadda kika ce. Ki gaishe min da Fotis da mahaifiyarsa, ki rungume min Danai da ƙaramin Anestis. Gwaggonki Kaliopi tana gaishe ku.

Ran Lahadi ki kira da hantsinmu, lokacin kawunki yana nan. Sunanki babanki yake ta ƙoƙarin furtawa, yana kai rabi sai ya maƙale, ya bugi gado da hannu. Kawunki ya rantse a gabansa cewa ɗan kore bai taɓa gama abin da ya fara ba. Don haka ki shirya kunnenki, 'yata, za ki ji shi.

Ni ce mahaifiyarki mai kewarki kullum,
Stamatia