Gwaggo Zorka Ta Sauke Ganyenta

Zuwa ga ƙanena Stojan,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da matarka Marjeta da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa zafin Melbourne bai dame ku ba. Mu nan kalau muke. Ƙafar maigidana Branko ta yi sauƙi har ya koma gona, sai dai likita ya hana shi hawa tsani, shi kuma ya ɗauki maganar likita kamar yadda yake ɗaukar tawa. 'Yarmu Tjaša ta ci jarrabawarta. Ni ina nan a ɗakin karatu na gari, ina ba mutane aron littattafan da ba za su karanta ba. Da waya zan kira ka, sai na tuna kana da dabarar cewa layi ba kyau duk lokacin da magana ta zo inda ba ka so. Takarda ba ta da wannan ciwon, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Ka san Gwaggo Zorka ta buɗe osmica a makon jiya, wato 'yan kwanakin nan da take sayar da giyar gida a tsakar gidanta, kamar yadda take yi kowace bazara tun kafin a haife mu. Ni na sare mata ganyen da ke nuna wa baƙi hanya a bangon bayan coci, na ɗaure shi dami-dami, Branko ya rataya a mararraba da bakin ƙofa. Ta wanke tebura a ƙarƙashin ɓauren tsakar gida, ta dafa ƙwai cike da tukunya, ta yanka cuku da cinyar aladen da ta shekara tana shan iska a rufin ɗaki. Giyar bana kuwa ta yi kyau, baƙa wuluk, mai kama harshe, irin wadda Baba yake cewa tana wanke wa mutum haƙora da zunubi lokaci guda. Ka tuna wuraren da muke zuwa da shi ran Lahadi? Gidan Milko ya zama wurin wankin mota. Matar da ke dafa miyar wake da kabeji a bakin tasha ta rasu, 'ya'yanta sun sayar. A duk ƙauyukan nan, tsakar gidan Gwaggo kaɗai ya rage inda mutum zai zauna a benci ɗaya da wanda bai sani ba, ya ɓare ƙwai da hannunsa, ya tashi sun zama abokai ko sun yi faɗa a kan ƙwallo.

To, Damjan ɗinka, wanda ka ba hayar ɓangaren Baba na gidan gado ya mayar da shi gidan cin abinci, shi ma ya rataya ganye. Na roba. Ya sayo shi a kwali daga birni, kore shar, ya fi namu girma sau uku, ya ɗaure a kowace mararraba daga babbar hanya har ƙofarsa. Kai da ka girma a nan ka san amfanin ganyen shi ne ya bushe. Mai wucewa ya gan shi ɗanye ya san yanzu aka buɗe gangar giya, ya gan shi ya yi yaushi ya san ya hanzarta, ya ga babu ya san sai baɗi. Ganyen da ba ya bushewa ƙarya ce aka rataya a kan sanda. Na faɗa masa haka a gaban ma'aikatansa. Ya yi mini murmushin nan nasa na mai sayar da inshora, ya ce ai shi raya al'ada yake yi. Na ce masa haka mai cusa wa mataccen tsuntsu auduga yake cewa yana raya tsuntsu.

Mutanen birnin Trst suka zo ran Asabar da Lahadi kamar kullum, suka bi ganyen da ya fi girma. Ina zaune ina jin ƙarar ƙofofin motoci ta bayan katanga, Gwaggo kuma tana ta gyara zaman kofuna a teburin da babu kowa. Sai tsofaffin gari suka zo, su da ba sa duban sanda. Can da rana sai ga Livio, tsohon direban bas ɗin nan da yake zuwa tun muna yara, ya zagayo yana huci. Ya ce ya bi ganye ya shiga can, aka kawo masa yankan nama ɗaya a kan wani baƙin dutse, siriri har yana hango fuskar matarsa ta cikinsa, wani yaro mai ɗaure da gashi ya tsaya a kansa yana yi masa bayanin ƙamshin giya. Ya ce shi da ya fara shan giyar nan tun uban yaron yana tsotson yatsa. Ya nemi ƙwai, aka ce ba sa yi. Muka yi dariya har Gwaggo ta share ido, na ce a raina ko ba komai ranar ba ta tafi a banza ba.

Ana cikin haka Damjan ya shigo, riƙe da furanni. Ya sunkuya ya kira ta Mama, ita da ba ta taɓa haihuwa ba, kuma kowa a garin nan ya san ba a taɓa mata wannan wurin. Ya ce ya zo ne ya yi mata albishir, kai da shi kun gama magana, za ka sayar masa da rabonka na tsakar gida da ɗakin ƙasa inda gangunanta suke, saura sa hannu kawai. Ya ce kada ta damu, zai sare ɓauren ya yi rumfar gilashi, kuma zai sa hotonta a jikin kwalba don baƙi su san tarihin wurin. A gaban Livio, a gaban tsofaffin gari, a bakin baƙo ta ji. Stojan, ko kare za ka kora daga inuwa, ai ka yi masa magana da bakinka.

Gwaggo ta karɓi furannin ta ajiye a kan benci, ta gama ɓare ƙwan da ke hannunta, ta ba Livio. Sannan ta ɗauki sandarta ta fita. Na bi ta ina tambaya, ba ta waiwayo ba. Matar da ke hutawa sau biyu kafin ta kai coci, ita ce ta taka har mararraba, ta sa ƙugiyar sanda ta fizgo ganyenta, ɗanye shar, ta dawo ta sauke na bakin ƙofa. Ganga ko rabi ba ta yi ba.

Shekarun da ka yi a waje ba su kai ka manta abin da wannan yake nufi a garinmu ba. Ba a sauke ganye da sauran giya sai an yi mutuwa a gidan. Haka aka yi ranar da Baba ya faɗi a gona, kai da kanka ka hau ka kwance shi kana kuka. Kafin la'asar mata sun fara shigowa da baƙaƙen gyale. Maƙwabciyarta Pepca ta kawo burodi, matar Milko ta kawo kofi da sukari, suna ta leƙen ɗaki suna neman gawa. Da suka ga Gwaggo zaune daram a kujerarta sai suka rikice, Pepca ta matsa ta tambaye ta a hankali wa aka rasa. Ta ce ɗan ƙaninta ne, na Ostireliya. Ta ce yaron kirki ne, ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke kwance, a ƙarƙashin ɓauren nan ya koyi tafiya, yana kama ƙafar benci. Ta ce ba ta san ciwon da ya kashe shi ba, labari kawai aka kawo mata da furanni.

Na yi ta bin mutane ina cewa kana nan da ranka, amma ka san garinmu, kafin gaskiya ta ɗaura takalmi ƙarya ta kai kasuwa. Wasu sun gane, suka yi shiru suka koma gida, kuma shirun nasu ya fi zagi. Wasu har yanzu suna tare ni a hanya suna yi mini ta'aziyya. Jiya Fada na coci ya aiko yana tambaya ko a buga ƙararrawa. Na ce ya dakata tukuna, ina jiran amsa daga mamacin.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce rabonka ne, doka ta ba ka, kuma gidan da kuke ciki ya yi muku kaɗan. Ban musa ba. Na karanta littattafai da yawa a kan 'yan'uwan da suka raba gado, ban taɓa cin karo da wanda ya ƙare da kowa yana dariya ba, don haka ba zan yi maka wa'azi ba. Abin da na sani shi ne matar nan ta haura saba'in da biyar, kuma abin da ya rage mata a duniya shi ne 'yan kwanakin nan na bazara da gidanta ke cika da hayaniya. Ba za ta daɗe tana tare maka hanya ba. In haƙurin 'yan shekaru ya fi ƙarfinka, to ka sa hannu, amma ka sani ba tsakar gida kaɗai ka sayar ba, kuma in ka zo hutu Damjan ne zai tarbe ka, da yankan nama ɗaya a kan dutse.

In kuwa ba haka ba, ka kira ta. Ita, ba ni ba, ba Branko ba. Ka gaya mata da bakinka ba za ka sa hannu ba. Giyar tana nan a ganga, ganye kuma bai ƙare a bangon coci ba, ni zan sake sarowa ko da dare ya yi. Ban san yadda za ta yi wa gari bayanin tashinka daga matattu ba, amma na san Gwaggo, za ta samo hanya, kuma kai za ka sha kunyar.

Ka gaishe mini da Marjeta, ka ce mata ban sa da ita ba. Ka gaishe da Luka da ƙaramar Neža, ka ce na ga hoton haƙoranta da suka fita. Branko yana gaishe ka, Tjaša ma haka. Livio ya ce in gaya maka wata magana, amma ba ta shiga takarda. Na tambayi Gwaggo ko tana da saƙo, ta ce ba a aika wa mamaci gaisuwa, addu'a ake yi masa, kuma tana yi.

Yayarka,
Nevenka