Zarton Kifin da Kuka Ara a Ɗakina

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar nan mai wayar da kan jama'a game da dabbobin da ke ƙarewa, wadda ta yi taro a filin makarantar unguwarmu, Fadaman Mada, bayan Babbar Sallah.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Na ce ranka ya daɗe ne saboda kujerar da kake kai. In don shekaru ne, sa'an jikana ne kai, kuma ka san kaka ba ta ɓoye wa jika magana. Ranar taro ma da bakina na kira ka angona, ka yi dariya har hularka ta karkace. To, yau amarya ta kawo ƙara. Ka yi haƙuri da rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, da goyo a bayana. Na ba gidan jarida wasiƙar ne don na gaji da zaman bencin ofishinku, maganar kuma ba ta jira.

Ni ce Goggo Asabe, matar marigayi Malam Garba direba, mai zarton kifin nan da kuka ara.

Na farko, asalin zarton.

Marigayi shanu yake kaiwa Fatakwal a babbar mota, ya dawo da manja. Mazan kirki suna yi wa matansu tsarabar atamfa, ni nawa sai ya shigo da wani dogon abu a naɗe cikin buhu, ya kusa kai ni tsawo, da haƙora jere a gefe da gefe. Ya ce hancin kifi ne. Na ce to sannu, sai in ɗaura shi ranar biki. Wani tsohon masunci da yake sauka a gidansa ne ya ba shi, shi ma gadonsa ya yi. Tsohon ya gaya masa cewa kifin ba ya zuba ƙwai kamar tarwaɗa, haihuwa yake yi, kuma ɗan yana fitowa da zartonsa a cikin wata fata mai laushi kamar kube, don kada ya yanki uwarsa.

Wannan labari shi ya shiga kunnen matan unguwa. Tun daga nan, duk wadda naƙuda ta kama, musamman mai haihuwar fari, sai a aiko aron zarton Goggo, a rataye a ƙofar ɗaki. Ba a kankare shi, ba a jiƙa shi a sha. Sauƙi na Allah ne, aiki na ungozoma da asibiti. Amma yarinyar da tsoro ya cika wa ciki, in na zauna kusa da ita na ce mata dubi wannan, wata uwa ta haifi mai irinsa ta tashi lafiya, ke da naki ko haƙori bai da shi, sai ka ga ta yi dariya tana cizon leɓe. Bayan suna a dawo mini da shi, da ɗan nama ko goro, don a wajenmu kayan aro ba ya komawa gida hannu sake. Ya shiga gidan Musulmi, ya shiga gidan Kirista, ya je Wunti a keke ya dawo. Tun ina goyo har na yi jikoki, ko haƙori ɗaya bai girgiɗe ba. Zarto guda ya ishi unguwa guda, ba wanda ya taɓa cewa a nemo na biyu.

Na biyu, karatunku, kuma a nan godiya zan yi.

Yarinyar nan taku mai majigi ta iya bayani, Allah ya yi mata albarka. Da ta haska hoton kifin a bango, mata suka ɗauki ihu wai ga na Goggo. Ni ranar na fara ganin mai hancin da ya shekara da shekaru a ɗakina. Ga abin da na riƙe, in na yi kuskure ku gyara. Babbansa ya kai tsawon keke biyu a jere. Bakinsa a ƙasan ciki yake. Da zarton yake jin motsin ƙananan kifaye a ruwa mai laka inda ido ba ya aiki, ya kaɗa shi ya buge su. Uwar takan zo bakin kogi ta haihu, 'ya'yan su yi ƙuruciyarsu a ruwa marar zurfi, cikin saiwoyin itatuwa. Ba ta haifar da yawa, kuma sai mace ta kusa shekara goma kafin ta fara. Zarton da yake ci da shi, shi ne ke sarƙe shi a raga. Haƙorinsa in ya fita daga tushe ba ya sake tsirowa. Ta ce a gaɓar tekunmu har tsofaffin masunta sun kusa manta kamanninsa, kuma an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Na koma gida jikina a sanyaye. Shi ya sa da kuka biyo ni, kai da mutum biyu, kuka tsuguna a tabarmata kuka ce a ba ku aro don ku nuna a wasu wurare, ban yi musu ba. Na ba ku yadda nake ba matan unguwa, da bismilla, ba shaida ba sharaɗi. Kuka ce kafin wata ya mutu zai dawo.

Na uku, lasifika.

Ban san wanda ya ba ku shawarar ɗaure shi a kan mota ku zaga gari ba. Ina tsaye a bakin Kasuwar Muda Lawal kuka wuce. Mai lasifikarku ya ga maza ba sa juyowa don labarin haihuwar kifi, sai ya sauya waƙa. Ya ce wannan abu ya fi zinariya wuyar samu, a ƙasashen waje haƙorinsa ɗaya dukiya ne, kuma ba abin da ke tsaya masa a teku. Nan fa kasuwa ta juyo. Masu buhu suka sauke buhu, masu awo suka bar mudu. Na ga kana murna an taru. Angona, ni da na tsufa a bakin kasuwar nan na san bambancin idon mai sauraro da idon mai sayen kaya. Mu mun riƙe shi da labarin uwa da ɗanta, ba wanda ya yi kwaɗayinsa. Ku kuka yi masa kuɗi a bainar jama'a.

Na huɗu, zaryar da na yi.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Na je ofishinku aka ce zarton yana sito, mai makulli ya yi tafiya. Na koma aka ce kana taro. Na koma aka ba ni ruwan leda da takarda mai hoton giwa. Ana cikin haka 'yar maƙwabciyata ta fara naƙudar fari, uwarta ta aiko, na rasa abin da zan ba ɗan aike. Ta sauka lafiya, alhamdulillahi, na dai ce maka sauƙi na Allah ne. Amma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da na ƙi tashi daga bencin, sai wata ma'aikaciya ta tausaya ta buɗe mini siton. Yana jingine bayan kujerun roba, ƙura ta rufe shi, gefe guda duk giɓi. Ya koma irin bakina. Na nemi in ɗauka aka ce sai ka sa hannu.

Ban ga wanda ya cire ba, don haka ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na gani shi ne wannan. Lokacin bikin 'yata ta fari na shafa wa haƙoran lalle don wasa, jan bai taɓa fita ba. A rumfar wani mai magani, ta wajen Wunti, na ga haƙori mai jan lalle an ɗinke gindinsa da fata an yi laya. Samari sun kewaye shi, yana ce musu maganin ƙarfe ne, wanda ya ɗaura wuƙa ba ta cinsa, ai su ma sun ji a lasifika. Na ce masa ɗan nan, kifin da aka sare wa hanci da adda shi ne zai hana wuƙa cin mutum? Samarin suka yi dariya, ya ce Goggo ta fara ruɗewa. Ina juya baya wani ya saya.

Na biyar, kuma wannan ce ta sa na ɗauki biro.

Haƙoran da aka cire sun ƙare, masu nema ba su ƙare ba. Laya ba kayan aro ba ce, kowa tasa yake so a damtsensa.

Ina da ƙawa, Maman Ebi, mutuniyar kudu ce daga ƙasar ruwa, tana sayar da bandar kifi a Muda Lawal tun 'ya'yanmu suna rarrafe. Ita ma ta taɓa aron zarton, don a wajensu kifin mai daraja ne, ba a wasa da shi. Ƙanenta masunci ne a garinsu. Da daminar nan ya bugo mata waya, ya ce ya ga abin da rabonsa da gani tun yana bin babansu a kwalekwale: wata babbar uwa mai zarto ta shigo rafinsu, ga ƙanana a cikin saiwoyi. Ɗaya ya sarƙe a ragarsa, ya yanka ragar da hannunsa ya sake shi, ya koma gida ba kifi ba raga. Maman Ebi ta ba ni labarin muna murna, a rumfarta, kuma kasuwa ba ta da bango.

Yanzu mai maganin ya je mata har sau nawa yana tambayar sunan garin. Ta ce masa ita banda take sayarwa. Ya bi ta wajen direbobi ya samo. Ya shirya wani wakilinsa da zai bi motar da 'yan garinsu suke ɗauka tare in za su gida Kirsimeti, kuma abin da ya ce zai ba duk wanda ya saro masa zarton uwar ya isa sayen injin kwalekwale. Ƙanen Maman Ebi ya ce shi ba zai taɓa ta ba. Amma ba shi kaɗai ke da raga a rafin ba, akwai samari da ba su da aiki, ba su kuma ji labarin kakanni ba. In aka kashe uwar nan, ba wanda ya san ko akwai wata. Ke nan hancin da ya fita daga ɗakina, ta hannunku, shi zai je ya kashe ta. Abin nan ya hana ni cin tuwo da daɗi.

Ba zan rubuta sunan garin a nan ba. Na ga abin da lasifika take yi.

Ga roƙona.

Ka zo gidana da kanka, ba da mota mai rubutu ba, in raɗa maka sunan garin. Ka kira abokan aikinka na can kudu da hukumar da abin ya shafa, su je su zauna da dattawan garin da masuntan kafin motar ta isa. Mutumin da ya yanka ragarsa kuma a dube shi, kada maƙwabtansa su ga cewa mai tausayi shi ke kwana da yunwa.

Ka nemi shugabannin masu maganin gargajiya, akwai masu mutunci da yawa a cikinsu, ku shiga kasuwa tare ku warware abin da kuka ƙulla. Motar da ta zaga ta yi masa kuɗi ta sake zagawa ta ce haƙorin kifi ne kawai, kafin wani ɗan mutane ya gwada wuƙa a jikinsa.

Ka bincika sitonka. Wannan tsakaninka da ma'aikatanka ne.

Abin da ya rage na zarton kuma a kawo mini a naɗe, kada a gan shi a hanya. Ba zai ƙara hawa bango ba, ba zai ƙara fita aro ba. Na gaya wa matan unguwa, wasu sun yi fushi, sun ce ni na bayar. Gaskiyarsu.

In kuwa motar Kirsimetin ta tashi ban ga ƙeyarka ba, to ka sani na riga na ce wa Maman Ebi ta kama mini kujera, kusa da ta wakilin. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Gubi ba, gwiwoyina ba sa son doguwar tafiya, 'ya'yana sun ce ba da yawunsu ba. Amma bakina lafiyarsa ƙalau. Tun daga tasha zan fara gaya wa duk wanda ke motar abin da mutumin nan zai je yi a garinsu, in sun gaji in sake daga farko. In mun isa, a ɗora ni a kwalekwale a kai ni gaban tsofaffin matan garin, Maman Ebi ta yi mini tafinta. Ban san ko tsohuwa tana iya tsare kifi ba. Kai ne aka ba ofis don wannan, da ka yi da ya fi. In ka bari na tafi na faɗa ruwa, kai za ka yi wa 'ya'yana bayani.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ka ɗauka, ya raba ka da mugun mashawarci. Allah ya raya maka zuri'a. Ita kuma baiwar Allah da ke cikin rafin can, Allah ya ɓoye ta daga idon mai nema, ya raya mata nata.

Wassalam.

Goggo Asabe,
Fadaman Mada, Bauchi.