Mijina ya rasu ya bar min ɗakin macizai, yayansa zai zo da fetur

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan zaure. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin na san wasu daga jin an ce maciji za su yi a'uziyya su wuce.

Ni mace ce mai 'ya'ya biyu ƙanana, yanzu haka ina cikin takaba a Kazaure. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin Roni ne, malamin dabbobi, kuma bayan aikinsa yana kiwon macizai. Ba irin na gardawa ba, wasu ƙananan mesa ne marasa dafi, in sun tsorata sai su dunƙule kamar ƙwallo su ɓoye kai. Yakan haɗa mace da namiji su yi ƙwai, in an ƙyanƙyashe ya sayar wa masu sha'awar ajiye su a gida, yawanci mutanen Legas da Abuja. Ɗaki guda ya ware musu a bayan kicin, ya jera su cikin robobi masu huji da ake janyowa kamar durowa, ga fanka mai sola, ga kejin fararen ɓerayen da yake ciyar da su a waje. Ni ban taɓa son abin ba, amma ban hana shi ba, iyakata dai bakin ƙofa.

A ɗakin nan na same shi. Ya dawo daga kasuwar dabbobi ta Babura da rana, ya ce bari ya duba babbar macen da ta yi ƙwai kafin ya ci abinci, har abincin ya huce bai fito ba. Da na leƙa sai na gan shi kwance a ƙasa, robar fesa ruwa irin ta masu aski tana hannunsa, durowar macen a buɗe, ita kuma ta naɗe ƙwanta ko motsi ba ta yi ba. Likita ya ce hawan jini ne, waɗanda suka yi masa wanka ma sun shaida babu tabon cizo ko ɗaya a jikinsa, amma kafin a yi sadakar uku magana ta gama unguwa, wasu su ce maciji ne ya sare shi, wasu su ce dama na tsafi ne, wa'adinsa ne ya cika suka karɓi ransa. Mutumin da ba ya wuce sahun farko a masallaci. Akwai matan da suka zo gaisuwa suka ƙi shan ruwan gidana ina kallo.

Babban yayansa ya so a ƙone ɗakin tun a lokacin, dattawa suka ce a bari a yi arba'in tukuna. Mahaifiyarsu, Inna, wadda ta zo daga Roni don ta zauna da ni, ita ta fi kowa zafi, a gaban mutane ta ce waɗannan halittu su suka cinye mata auta, kada wanda ya ƙara ambatonsu a kunnenta. Aka ja ƙofar aka sa sakata.

Bayan sadakar bakwai abin ya fara damuna, na ce ko ba komai rai ne da su, in ƙishirwa ta kashe su a kulle alhakin a kaina yake. Na yi ta maza na shiga ina tsammanin wari zai tare ni. Wallahi sai na tarar da kowace roba da ruwa sabo a kwanonta, dusar katakon da ke ƙarƙashin ƙwan nan a jiƙe daidai yadda yake barinta, kujerarsa 'yar tsugunno an janyo ta gaban durowar macen. Yarana ba sa kai wa sakatar, kuma ba wani namiji da ke shigo mana. Na fito na mayar da sakatar.

Daga nan kuma sai na fara jin ƙarar. Kullum bayan azahar in na ɗan kishingiɗa, daidai lokacin da marigayi yake dawowa daga aiki, sai in ji an janyo durowa, ƙiiii, a dakata, sai ƙarar fesa ruwa, sai a mayar. Na san mamaci ba ya dawowa, na yi islamiyya, amma in na ji sai in samu kaina ina jiran ya ɗaga labule ya tambayi abinci. Na kasa tashi in duba, rabi tsoro, rabi kuma ba na son in je in tarar ba kowa. Na gaya wa yayata da ke aure a Gwiwa ta waya, ta ce aljanu ne, in sa a yi ruƙiyya a ƙone tarkacen a huta. Na rame har masu zuwa gaisuwa suna cewa abin ya fara taɓa ni ni ma.

Ranar da na kasa daurewa na tashi ba takalmi na zagaya bayan kicin. Ƙofar a buɗe. Inna ce zaune a kan kujerarsa, robar fesa ruwan a hannunta, tana kallon macen nan da ƙwanta. Ba ta razana ba, ba ta ma juyo ba.

Ta ce, "Shigo ki ja ƙofar, iska na busar musu da wuri."

Na ce, "Inna, ashe ke ce?"

Ta ce, "Tun yana yaro haka yake, bushiya, hawainiya, ba abin da bai kawo min ɗaki ba, na dake shi har na gaji. Zuwana na ƙarshe ya zaunar da ni a nan ya nuna min yadda ake yi, ina ta yi masa faɗa." Sannan ta ce, "Aikin da ya fara ne bai ƙarasa ba. Ki rufa min asiri, kada yayanku ya ji."

Tun daga ranar tare muke shiga. Ita ta fara riƙe hannuna ta ɗora a bayan ɗaya daga cikinsu, ashe ba santsi ko damshi, a bushe yake, da ɗan sanyi. Na koyi ba su ɓera, na koyi kwashe saɓa in sun yi. Amma in baƙi sun zo Inna tana nan kan bakanta, da an taɓo zancen sai ta ce a ƙone. Na tambaye ta dalili, ta ce in aka ji uwar ma tana shiga, za a ce gadon tsafi ne a gidansu, kuma tana da jikoki mata da ba su yi aure ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ko a ranakun da take zaune kusa da ni a tsakar gida, wani lokacin ina jin ƙarar durowar nan. Ban sani ba ko kunnena ne ya saba.

Yanzu an yi arba'in. Yaya ya kira ya ce Juma'ar nan bayan masallaci zai zo da fetur da wani gardi. Na roƙe shi, na ce dukiyar marayu ce kuma ba sa cutar da kowa, ya ce ba a raba gadon maciji a zuriyarsu, ya ce in ina son zama da yaran a gidan nan in fita daga maganar, in ba haka ba zai kwashe su ya kai Roni. Akwai wani abokin cinikin marigayi a Legas da ya ce zai turo mota a kwashe macizan duka, amma ya ce ƙwan ba zai jure doguwar tafiya ba, kuma motar ba za ta iso kafin Juma'a ba. Ni kuwa takaba ta hana ni fita balle in nemi inda zan kai su.

Yau da hantsi muka janyo durowar, sai ga ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan ƙaramin kai ya leƙo yana fitar da harshe. Inna ta toshe bakinta da mayafi ta yi ta kuka ba sauti, har yanzu da nake rubutun nan tana can ba ta fito ba.

Jama'a, mutum ɗaya ce Yaya ba ya tsallake maganarta a duniya, kuma ita ce ta ce in rufa mata asiri. In faɗa masa gaskiya in karya alƙawarin tsohuwar da ta yarda da ni? In tsaya a bakin ƙofar ranar Juma'a in yi kasadar rabuwa da 'ya'yana? Ko in kama hannun Inna mu shige ɗakina mu rufe, mu bar shi ya kunna ashanar? Don Allah wanda ya san hukuncin addini a kan wannan, ko ya san hanyar da ban hango ba, ya taimaka ya faɗa min kafin jibi.