Tarar Latti

Braga, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Deolinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya sanyin Faransa, ya gwiwar taki? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin tuna Baba Anselmo, dattijon da ya koya mini dillancin gidaje? Ya kai masu saye wani tsohon gida a bayan babban coci, matakalar katako ta rufta da shi, ƙugunsa ya karye. Matarsa ta zo neman haƙƙin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dona Graciete, mai ofishinmu, ta haɗa mata kofi, ta ce ai Anselmo ba ma'aikacinta ba ne, mai zaman kansa ne kamar kowannenmu, la'adarsa yake ci ya yanka rasit. Matar ko taɓa kofin ba ta yi ba, ta wuce ma'aikatar ƙwadago ta kai ƙara.

Yanzu masu bincike za su zo, ba a san ranar ba. In suka ga muna da lokacin shiga aiki, ko akwai mai ba mu umarni, doka za ta ce mu ma'aikata ne, nauyin Anselmo ya hau kan Dona Graciete. Shi ya sa ta kwashe sunayenmu daga tebura, ta karɓe jajayen kwat ɗin kamfani, ta zaunar da mu tana ba mu hadda: ba ni da shugaba, ba ni da lokaci, ranar da na ga dama nake zuwa. Ni da ko banɗaki sai na nemi izini! Ta ce duk wanda bakinsa ya suɓuce, za ta raba gidajen hannunsa ga sauran.

Yaya, tsoro nake ji. Kin san ni, ko hanya ɗan sanda ya tambaye ni sai in rikice. Shekaru sun ja, 'yarki Rute ba ta gama makaranta ba, in na rasa aikin nan wa zai ɗauke ni? Ga kunyar Anselmo ta hana ni leƙa asibiti. Ki kunna mini kyandir a coci.

Ƙanwarki,
Otília

Braga, ranar Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni kam abin da nake gudu ya faru, kuma da ƙafata na je na sayo shi.

A ofishinmu, duk wanda ya makara taron safe shi zai shigo da kwalin kek ɗin ƙwan nan da ake kira nata, a raba wa kowa. Ranar Talata bas ta tafi ta bar ni. Ina tafe ina bitar haddata, ban ankara ba sai ga ni a gidan burodi ina biyan kuɗi. Sabo ne kawai.

Na shiga na tarar da ofis tsit, wata mata mai tabarau tana zaune, na ɗauka mai neman haya ce. Valdemar, abokin zolayata, yana ta ƙifta mini ido, na ce masa ya daina, acici kawai, ga rabonsa na kawo. Na miƙa wa baƙuwar ɗaya. Ta karɓa da fara'a, ta tambayi bikin wa ake yi.

Na ce, "Ba biki ba ne, tarar latti ce."

Ta ce latti daga ƙarfe nawa, kuma wa ya yanka tarar? Sai a lokacin na gane mai binciken ce. Haddar ta gudu. Idona ya tafi kan Dona Graciete da kansa. Baƙuwar ta ajiye kek ɗin, ta zaro biro.

An ce maganar za ta je kotu, sai an yi watanni. Ni tawa ba ta kwana ba. Washegari na bi ta wani bene da na yi ta fama in sayar, na ga an cire allon da ke da hotona daga baranda, an maƙala na Valdemar. Na je na roƙi Dona Graciete ko takardar sallama ce ta ba ni, in samu tallafin marasa aiki. Ta dube ni a natse, ta ce, "Otília, ta yaya zan sallami wadda ban taɓa ɗauka ba?"

Matar Anselmo ta yi mini waya tana kuka, wai ni ce jarumar ofishin. Na kasa gaya mata kek kawai na sayo.

Rute ba ta sani ba. Kullum da safe nakan yi kwalliya in fita, in zauna a lambun gari har la'asar, ina tsoron kada wani ya gan ni ya kai mata. Don Allah ki tambayi matar da kike wa goge-goge ko tana da ƙawa mai neman 'yar aiki. Ki ce mata ba na makara sosai.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Otília