Murya a Kafaɗar Ɗan Sanda

Birni, Damagaram

Zuwa ga yaron gidan nan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya zafin Yamai, ya koyon aiki? Mu nan sai godiya. Ƙanwarka Ramlatu tana gaisuwa.

Takardarka ta zo, kuma ban ji daɗinta ba. Ka ce idanunka sun gaji da kallon allunan talabijin a ɗakin kula da hanyoyi, shef, wato shugabanku, ya yi maka faɗa gaban jama'a don ka bar motoci sun cushe a bakin gada, saboda haka za ka ajiye aikin ka dawo ka taya mu fama da fari. Ka taya mu da me? Ruwan sama za ka zo da shi? Faɗan shef daidai ne. Wanda aka ba amanar hanya ba ya barin hankalinsa ya tafi gida.

Gaskiya ne shekara ta yi tsanani. Mutanen Dakusa sun shigo gari da ƙwarya a ka, dangin babanka na Dogo sun koma cin ganyen jiga. Amma kai ka ce duk wanda ya fita kafin jarrabawa ya rasa gurbinsa. To ka zauna.

Mahaifiyarka,
Hajjo

Birni, Damagaram

Yaro,

Bayan gaisuwa da fatan idanun sun yi sauƙi. Na ji daɗi da ka ce kai aka sa ka buɗe wa kamiyoyi, manyan motocin hatsin agaji, hanya ta rediyo har suka fita daga Yamai. Sun iso. Na gan su.

Ka ce muryarka tana fita a rediyon 'yan sanda. Akwai wani ɗan sanda, Inusa, da ke tsayawa a mararrabar kasuwa da irin rediyon a kafaɗa. Kwanakin nan ta can nake bi in za ni ɗiban ruwa, ko da yake zagaye ne. Sai in ajiye bokiti kamar ina hutawa. Jiya na ji wata murya mai kama da taka. Inusa ya lura, ya tambaye ni wa nake nema, na ce ɗana. Ya tambayi sunan. Ka san kai ne na fari, bakina bai taɓa kama sunanka ba tun ran suna. Na shiga gyaran ɗankwalina kamar wadda ba ta taɓa shiga kwaleji ba. Ya ce mini cikin ladabi rediyonsa ba ya wuce Damagaram. Na ɗauki bokitina.

Kada wannan ya sa ka yi tunanin tashar mota. Ka riƙe salla.

Hajjo

Birni, Damagaram

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. An yi yayyafi a Dogo, wasu sun yi shuka.

Ka rubuto cewa in na ce ka zo, ko da kalma ɗaya, za ka hau mota. Ba zan ce ba. Tabarmarka tana naɗe inda ka bar ta, har yau hannuna yakan ɗebi tuwo fiye da na mutum biyu, amma ba zan ce ba. Jarrabawa ta kusa.

Na koma wurin Inusa. Ya haɗa ni da wani jandarma, Illa, mai rakiyar kamiyoyin da za su koma Yamai. Illa ya ce in sun kusa Yamai ɗakinku suke kira ta rediyo. Na roƙe shi ya isar maka da gaisuwa, shi ma ya tambayi sunan. Na faɗa, a tsakiyar titi, mata suna ji.

Saboda haka in ka ji an ce Birni tana gaisuwa, ka amsa a taƙaice ka koma kan aikinka. Rediyon hukuma ba na hira ba ne.

Allah ya yi maka albarka, Mutari.

Mahaifiyarka,
Hajjo