Sunaye Huɗu da Na Ƙona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahama a makwancinki.

Inna, waƙar niƙanki nake nema, kuma da alama na makara.

Kin ce kakarki ce ta fara rera ta a shekarar yunwa, da 'yan'uwanta bakwai suka tsallaka iyaka ta Mai'adua neman hatsi ba su dawo ba. Kowane baiti sunan mutum ɗaya. Kikan ce, “Muddin ana niƙa, ba su ɓata ba.”

Na taɓa ɗaukar muryarki a kaset, kina ta dariya, wai me za a yi da muryar tsohuwa. Da aka ƙaddamar da Shari'a zafin kai ya ɗebe ni, na tara kaset-kaset ɗina a tsakar gida na cinna musu wuta. Ba wanda ya sa ni. Naki yana ciki, ban ko duba ba. Kina zaune kina tsintar wake, kika ci gaba da tsintarki. Wallahi da zagina kika yi da ya fi min sauƙi.

Yau ga ni da furfura, na sayi tsohuwar jita a hannun wani ɗan Nijar, ina lalube. Karin waƙar ya dawo yatsuna, amma sunaye uku kawai na riƙe: Tanko, Ɗanlami, Jatau. Sauran huɗun fa?

Makon jiya na je Sandamu wurin ƙanwarki Iya Abu, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda kuka yi niƙa tare. Na kaɗa mata jitar. Ta ce wannan ƙarar wayar jita ce kawai, waƙar ba ta zuwa baki sai hannu yana kan dutsen niƙa.

Muka zaga gari, kowa inji yake kai niƙa. Da ƙyar muka samo dutse a bayan wani rumbu, kaji na shan ruwa a ciki. Na wanke, na zuba mata gero. Ta durƙusa, ta tura sau biyu, hannun ya ƙi. Ta rera sunan Tanko, waƙar ta tsaya nan. Ta daɗe tana kallon geron, sai hawaye.

Na dawo Daura na rataye jitar. Yunwa ta ɗauke mutum bakwai sau ɗaya, ni kuma na sake ɓatar da huɗu da tsinken ashana. Ki yafe min, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan su bakwai ɗin, Shi da Ya san sunayensu.

Ɗanki na fari,
wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba.