Ragon Sallah Da Ya Ƙi Barin Shafinmu

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya gina mana shafin intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ni ce Talatu, mai buga takardu a wata masana'antar takalman roba a Sharaɗa, wadda kuka koya wa sabunta shafin. Na yi waya har na gaji, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko: gab da babbar Sallah, Alhaji mai kamfani ya ce a ƙawata shafin. Ma'aikacinku ya sa wani rago yana zirga-zirga a kai, da koren rubutu mai cewa barka da Sallah. Kowa ya yaba, har ni. Ashe wahala na yi wa tafi.

Na biyu: tun daga ranar, in na shiga wurin gyara rubutu, ragon nan sai ya biyo ni. Adon shafin ya rufe kayan aikina, rubutu kore a kan kore, ba na ganin abin da nake bugawa. Ragon kuma ya je ya tsaya cak a kan madannin adanawa. Na danna, na danna, ko gezau. Ma'aikacinku ya ce umarnin da ke motsa ragon ne ke karo da na wurin gyaran, kuma wai a kwamfutarsa lafiya lau yake. To, ni a kwamfutarsa nake aiki?

Na uku, wanda ya fi ci mini rai: farashin takalma ya canza, shafin yana nan da tsohon. Wani dila ya taso tun daga Maraɗi saboda abin da ya gani, ya koma yana zaginmu. Alhaji bai san wani karon umarni ba. Abin da ya sani shi ne azumi ya ƙarato, shafinsa na yi wa duniya barka da layya, kuma Talatu ce mai kula da shi. Ya ce in aka ga wata ragon yana nan, in nemi wani aikin. Wallahi na yi kuka a bas har Panshekara. Da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata.

Ranku ya daɗe, ba ni da ikon taɓa adon shafin, mabuɗinsa yana hannunku. Roƙona biyu ne. Ku hana adon shafi shiga wurin gyara, ku cire ragon. Sannan ku gaya wa Alhaji da bakinku cewa ba sakacina ba ne, don ni ba zai saurare ni ba.

Allah Ya ƙara muku buɗi, Ya raba ku da laifin da ba naku ba. Kowa ya yanka ragonsa ya ci ya manta, ni nawa ne ke shirin yanka ni.

Wassalam.

Talatu, Sharaɗa, Kano.